Daga ƙofar gidan yari zuwa gida: tambayoyi da amsoshi kan ƙwaya, ɗauri da cutar HIV

An tattaro tambayoyin nan daga abin da iyaye da mata da 'yan'uwan wanda ke tsare suke yawan tambaya, da abin da ma'aikatan asibiti da ɗaliban kiwon lafiyar al'umma ke maimaitawa. Yawancin alƙaluman daga Amurka da Turai suka fito, domin can aka daɗe ana bin diddigin lamarin. Inda akwai na Najeriya an kawo su. Wanda nasa zai fito cikin kwanakin nan, ya fara da tambayar ƙarshe, sannan ya dawo ya karanta saura a natse.

Me ya haɗa ƙwaya da gidan yari da HIV har ake bincikensu tare?

Mutanen ne ɗaya. Wanda ƙwaya ta kama shi ne ke yawan faɗawa hannun hukuma, ko an same shi da kaya, ko ya ɗauki abin wani ya sayar don ya sami na yau. Ya shiga, ya fito, ya sake shiga. Duk shiga tana iya yanke masa magani idan yana kan magani, duk fita kuma tana jefa shi cikin makonni masu haɗarin gaske. Kuma kusan duk wanda ya shiga zai dawo unguwa wata rana, wurin matarsa da abokansa, da duk abin da ya kwaso.

A 2016 mujallar likitanci ta Lancet ta buga lissafin Kate Dolan da abokan aikinta: cikin mutum miliyan 10.2 da ke tsare a duniya, kashi 3.8 cikin 100 na ɗauke da HIV, kashi 15.1 na da ciwon hanta nau'in C, kashi 2.8 na fama da tarin fuka. A Najeriya, binciken da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai yaƙi da ƙwaya da laifuka, ta yi tare da NACA, hukumar yaƙi da HIV ta ƙasa, da hukumar gidajen yari a 2018 ya sami HIV a jikin kashi 2.8 na fursunoni, wato ninki biyu na kashi 1.4 da aka samu a ƙasa baki ɗaya. A ɓangaren mata abin ya kai kashi 6.9.

Idan an ce ƙwaya ta yi wa mutum yawa, me ke faruwa a jikinsa?

Yawancin mace-macen da ake magana a kansu na dangin ofiyom ne: hiroyin, mofin, kodin, tiramol, allurar penta, da fentanil. Suna kashe raɗaɗi, suna kawo kasala da gyangyaɗi, amma kuma suna danne wurin da ke can gindin ƙwaƙwalwa, mai ba huhu umarnin jan iska. Idan abin ya wuce ƙima numfashi sai ya yi ta raguwa, ya koma jefi-jefi, iska ta yi ƙaranci a jini, ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa, daga baya zuciya ta tsaya.

Da ƙwayoyin haɗiya ba kasafai ake mutuwa nan take ba. Mutum kan yi awa ɗaya, biyu, uku yana kwance ana tsallake shi, ana zaton barci yake. Abin da ya fi gaggauta ajali shi ne haɗin gambiza: kodin a kan diyazifam, tiramol a kan ƙwayar barci ta roci, ko kowanne a kan giya, domin duka wuri ɗaya suke dannewa. Fentanil ne ya fita daban, shi cikin 'yan mintoci yake gamawa.

Ya yi wata da watanni bai sha ba. Me ya sa fitowarsa ta fi zamansa a ciki haɗari?

Saboda sabo. Jikin da ke karɓar ƙwaya kullum yana sabawa da ita, shi ya sa wanda ya fara da guda ɗaya yake wayar gari sai biyar ke yi masa aiki. Idan aka daina, ko aka rage sosai, wannan sabon yana zubewa cikin kwanaki zuwa 'yan makonni. Amma mai jikin bai manta adadinsa ba, abokansa ma ba su manta ba.

Ga yadda abin kan kasance. Yaro ya fito ranar Alhamis. An yanka kaza, ya yi wanka ya sa sabon yadi, maƙwabta suna ta shigowa barka da arziki. Bayan isha'i abokai suka yi sallama a ƙofar gida suka ja shi majalisa, wani ya ce yau ranar murna ce, ya miƙa masa daidai abin da ya san yana sha kafin a kama shi. Ya dawo yana layi ya faɗa kan katifa. Ƙanwarsa ta ji minsharinsa ya yi wani iri, ta je ta gaya wa uwar, uwa ta ce ku bar shi ya huta, wata nawa rabonsa da katifa. Da asuba aka je tashinsa salla.

Likita Ingrid Binswanger da abokan aikinta sun bi mutum 30,237 da aka sallama daga gidajen yarin jihar Washinton ta Amurka tsakanin 1999 da 2003. Sakamakon da suka buga a 2007 ya nuna cewa a makonni biyu na farko, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran mutanen jihar sau 12.7, haɗarin mutuwa ta ƙwaya kuwa sau 129. A Ingila da Wales, Michael Farrell da John Marsden sun ga cewa a makon farko maza sun fi takwarorinsu na waje haɗarin mutuwa sau 29, mata sau 69. Wannan zubewar sabo ba ta san sunan ginin da aka fito daga ciki ba: haka take ga wanda aka sallama daga asibitin ƙwaƙwalwa, ko cibiyar NDLEA, ko gidan mari.

Ta yaya masu bincike suka san wannan? Kuma me ya sa ba mu jin irin alƙaluman a nan?

Dabarar mai sauƙi ce a faɗe. A ɗauko rajistar waɗanda aka sallama, da suna da ranar haihuwa da ranar fita, a ɗora ta kan rajistar mutuwa ta ƙasa, a ga wa ya mutu, yaushe, kuma me likita ya rubuta ya kashe shi. A Sikotilan an lura da abin tun cikin shekarun 1990.

Akwai abin lura game da ninki 129 ɗin nan: an kwatanta masu fita ne da jama'ar gari, waɗanda yawancinsu ba sa shan komai, dole adadin ya yi tsawo. Shi ya sa Elizabeth Merrall da abokan aikinta a 2010 suka haɗa bincike daga ƙasashe da dama suka kwatanta mutanen da kansu, makonni biyu na farko da makonni goma da suka biyo baya. Ko a hakan haɗarin ya ninka sau uku zuwa takwas. Wannan ne ya tabbatar da cewa lokacin fitar kansa yana da nasa sharrin.

A wurinmu wannan dabara ba ta da abin da za ta kama. Mafi yawan mutuwa ba a rajistarta, ana binnewa a ranar, ba a binciken gawa, kuma babu uban da zai tsaya gaban masu ta'aziyya ya ce ƙwaya ce. Za a ce gajeriyar rashin lafiya, ko ya kwanta bai tashi ba. Ina fahimtar wannan sutura, ba na kuma zargin kowa da ita. Sai dai ita ce ke sa hukuma ta ɗauka matsalar ba ta iso ba.

Mu nan ai tiramol da kodin ne, ba hiroyin ba. Wannan ya shafe mu?

Ya shafe mu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da UNODC a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. Miliyan 4.6 sun sha magungunan dangin ofiyom irin su tiramol ba da umarnin likita ba, miliyan 2.4 sun sha ruwan maganin tari, kimanin 80,000 kuma allura suke yi. Yankin arewa maso yamma kaɗai yana da wajen mutum miliyan uku. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan wani binciken BBC.

Tiramol yana da nasa halin. Iyakar abin da likita ke yarda da shi a yini miligiram 400 ne, amma na bayan fage yana zuwa 200, 225, 250 a ƙwaya guda, kuma mutum kan watsa uku ko huɗu lokaci ɗaya. Bayan danne numfashi yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Kasuwar kuma ba ta tsaya ba: da Indiya ta tsaurara doka kan tiramol a 2018, sai ga wasu ƙwayoyin masu tafentadol, shi ma dangin ofiyom, sun cika Afirka ta Yamma. A Saliyo, inda Shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci kan wani kayan maye da ake kira kush a Afrilun 2024, gwaji ya gano sinadaran nitazin a cikinsa, waɗanda wasunsu sun fi fentanil ƙarfi. Amurka ta ga abin da irin wannan sauyi ke yi: daga 2021 zuwa 2023 ƙwaya ta riƙa kashe fiye da mutum 100,000 duk shekara, akasari fentanil. Kada a rikita shi da penta, wadda wasu ke kira fenta, ba abu ɗaya ba ne.

Yaya zan bambanta barci da haɗari, kuma me zan yi?

Kira sunansa da ƙarfi, girgiza shi. Idan bai motsa ba, dunƙule hannu ka goga ƙashin ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsu da ƙarfi. Mai barci zai zabura. Ɗaga fatar idonsa ka haska: idan ɗigon tsakiyar idon ya tsuke kamar kan allura, alama ce. Duba cikin leɓe da farce, ko sun yi toka-toka ko shuɗi. Saurari numfashin: minshari mai kakari, ko jan iska ɗaya sai an daɗe kafin na biyu.

Idan ka ga haka, ka aika a nemo mota ko keke nan take. Kwantar da shi rigingine, ɗaga haɓarsa, toshe hancinsa, ka hura masa iska ta baki sau ɗaya duk bayan daƙiƙa biyar, kana kallon ƙirjin yana tashi. Idan akwai nalokson, maganin da ke karya ofiyom, a ba shi. Idan yana numfashi da kansa, juya shi kan gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Ɗauki kwalin ko kwalbar abin da ya sha ka tafi da ita asibiti, ka faɗa wa likita gaskiya.

Kada a ɗura masa madara, ko manja, ko lemon tsami, ko ruwan gishiri. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, huhunsa abin zai tafi. Watsa ruwan sanyi da mari ɓata lokaci ne. Kuma kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki da sunan zai sake shi zuwa safe.

Mene ne nalokson?

Magani ne da ke ture ofiyom daga inda ya zauna a ƙwaƙwalwa, numfashi ya dawo cikin minti biyu zuwa uku. Ana yin sa allura ko feshi a hanci. Ba ya bugarwa, kuma ba ya cutar da wanda bai sha ofiyom ba. Aikinsa minti 30 zuwa 90 ne, ƙwayar da aka sha kuwa tana iya fin haka daɗewa, don haka wanda ya farfaɗo yana iya sake suma. Asibiti dole ne ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau. A kan tiramol yana gyara numfashi amma ba ya hana jijjiga.

Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa shi a hannun duk wanda zai iya tarar da mai irin wannan hali, ba likitoci kaɗai ba. Sikotilan ta fara ba fursunoni shi a ƙofar fita a 2011. Kafin nan kashi 9.8 na duk mace-macen ofiyom a ƙasar na waɗanda ba su wuce mako huɗu da fita ba ne. Daga 2011 zuwa 2013 abin ya sauko zuwa kashi 6.3.

A ciki ake ɗaukar HIV, ko da ita ake shiga?

Yawancin masu ita da ita suka shiga, da yawa ba su ma sani ba. Amma ana ɗauka a ciki, kuma idan ta ɓarke tana gudu. Dalili shi ne ƙwaya tana samun hanyar shiga gidan yari fiye da yadda sirinji ke samu. Masu allura suna rage yawan yi, amma sirinji ɗaya sai ya zagaya mutum goma. A gidan yarin Glenochil na Sikotilan a 1993 an sami fursunoni 14 masu allura da HIV, gwajin ƙwayar cutar kuma ya nuna 13 daga cikinsu tushe ɗaya suka ɗauka. A gidan yarin Alytus na Lituweniya a 2002, kusan mutum 300 aka samu cikin 'yan watanni.

Akwai kuma abin da ba a son ambata: saduwa tsakanin maza a ɗakunan da suka cika maƙil, wani lokaci da tilas, wani lokaci don abinci ko wurin kwanciya ko kariya, kuma yara sababbin shiga abin ya fi faɗa wa. Wanda aka yi wa haka an zalunce shi ne, yana buƙatar likita. Akwai maganin kariya da ake sha kwana 28, amma sai an fara shi cikin awa 72.

Allura ɗaya tak tana iya sa wa mutum cutar? Reza fa?

Tana iyawa. Ƙiyasin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka shi ne sau 63 cikin 10,000 idan aka karɓi allura daga mai cutar. Adadin yana kama da kaɗan, amma mai yin allura sau uku a yini ya haura sau dubu a shekara, kuma wanda bai daɗe da kamuwa ba jininsa cike yake da ƙwayar cutar alhali bai san yana da ita ba. A cikin sirinji mai ragowar jini tana iya rayuwa makonni. Reza da askar aski haɗarinsu kan HIV bai kai haka ba, amma ciwon hanta nau'in B da C sun fi ta saurin bin jini, don haka reza tana cikin abin da ya kamata iyali su riƙa kai wa nasu idan an yarda.

To bayan ya fito, me ya rage na haɗarin HIV?

Wani babban ɓangaren haɗarin a nan yake. Jack Stone na Jami'ar Bristol da abokan aikinsa sun haɗa bincike daga ƙasashe da yawa a 2018, suka ga cewa a cikin masu allura, wanda bai daɗe da fitowa ba ya fi saura haɗarin ɗaukar HIV da kashi 81 cikin 100, ciwon hanta nau'in C kuma da kashi 62. Mutum ya fito ba aiki, ba ɗaki, wataƙila aure ya mutu, duk wanda ya miƙo masa sirinji karɓa zai yi.

Ga mai ɗauke da cutar kuwa, matsalar yankewar magani ce. A jihar Teksas an bi mutum 2,115 da suka fito suna kan magani tsakanin 2004 da 2007, an ba kowa guzurin kwana goma. Kashi 5.4 ne kawai suka karɓi sabon magani kafin guzurin ya ƙare, bayan kwana 60 ma kashi 30 ne. Waɗanda wani ma'aikaci ya zauna ya taya su cike takardar neman magani sun fi saura samu a kan lokaci. Idan magani ya yanke ƙwayar cutar tana dawowa cikin 'yan makonni, wanda da ba ya iya sa wa matarsa sai ya koma yana iyawa.

A Najeriya wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke. Irin wannan ba ya sanin ranar fitarsa. An kai shi kotu da safe, alƙali ya ba da beli ko ya sallame shi, daga nan sai gida, robar maganinsa da katinsa suna can asibitin gidan yari. Shi kuma bai gaya wa kowa a gida yana shan wani magani ba.

Metadon ba musanya ƙwaya da ƙwaya ba ne?

Gaskiya ne metadon da bufurenofin dangin ofiyom ne. Bambancin yana cikin yadda suke aiki: ana shan su ta baki, adadi sananne, sau ɗaya a yini, suna daɗewa a jiki ba hawa da sauka. Mutum ba ya buguwa, ba ya kuma shiga azabar rashin ƙwaya, ga ciwon gaɓoɓi ga gudawa ga rashin barci, wadda ita ke kora shi neman kaya ko ta halin ƙaƙa. Yana iya zuwa kasuwa, yana iya tsayawa sahu. Tun 2005 suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

A Ingila, binciken John Marsden na 2017 ya nuna waɗanda suka fito suna kan irin wannan magani mutuwarsu a watan farko ta ragu da kashi 75. Jihar Rhode Island ta Amurka ta fara ba duk fursunan da ke buƙata a 2016, tare da haɗa shi da asibiti a waje: a wata shida na farkon 2016 mutum 26 sababbin fita ƙwaya ta kashe, a daidai wannan lokaci na 2017 mutum 9. Wani nazari na 2012 kuma ya nuna maganin yana rage ɗaukar HIV a tsakanin masu allura da kashi 54. A Afirka, Tanzaniya ta buɗe asibitin metadon a Muhimbili da ke Darussalam a 2011, Sanagal ta buɗe nata a Dakar a 2014.

Gargaɗi biyu. Metadon da aka saya a bayan fage yana kisa kamar kowace ƙwaya, sai a hannun likita. Kuma ba ya maganin wiwi ko sholisho ko hodar iblis.

Raba wa masu ƙwaya sabuwar allura ba taimaka wa ɓarna ba ne?

Tambaya ce ta mai kishin tarbiyya, kuma ta cancanci amsa da hujja. Shekaru da dama ana bincike, ba a ga raba allura ya ƙara yawan masu yi ba, an dai ga ya rage cuta. Garin Austin da ke gundumar Scott a jihar Indiyana, mai mutum wajen 4,200, ya nuna abin da ke faruwa idan babu. Doka ta hana rabawa, mutane suna narka wani maganin ciwo mai suna Opana suna allura da sirinji ɗaya gida guda. Gundumar da a da ba ta kai mutum biyar a shekara, sai ga mutum 181 da HIV cikin shekara ɗaya. Sai a Maris na 2015 Gwamna Mike Pence ya ayyana dokar ta-ɓaci ya yarda a raba, bayan cutar ta riga ta yi nisa.

A cikin gidan yari, wani likita a Suwizalan ne ya fara raba sirinji a 1992 ba da izini ba, shugaban gidan ya mara masa baya maimakon ya kore shi. Daga baya Sifen da Moldoba da wasu ƙasashe suka bi. Ƙasashen Musulmi ma sun auna abin da ma'aunin zaɓar mafi sauƙin cuta biyu: Iran ta shigar da metadon gidajen yarinta, Malesiya ta fara metadon a 2005 da raba allura a 2006. A Najeriya binciken 2020 ya sami HIV a jikin kashi 10.9 na masu allura. Ra'ayina a fili yake: wanda aka tsare wa jini yau yana da damar tuba gobe, matarsa da jaririnta kuma ba su yi laifin komai ba.

Ɗauri da kansa ba ya raba mutum da ƙwaya?

Yana raba shi da ita na ɗan lokaci, ba ya warkar da shi. A Malesiya an kwatanta waɗanda aka tsare a cibiyoyin dole da waɗanda suka je asibitin metadon da ƙafarsu. Binciken da aka buga a 2017 ya nuna rabin 'yan dolen sun koma cikin kwana 31 da fita, su kuwa ɗaya ɓangaren sai da aka kai kwana 352. Iyayen da ke kai 'ya'yansu gidan mari ba mugunta ke kai su ba, rasa mafita ce. Amma abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, ba magani ba ne, kuma mai fita daga can yana cikin haɗarin da aka bayyana a tambayar zubewar sabo.

Fotugal ta daina ɗaure mai ɗan abin sha a 2001, ta zuba kuɗi a magani, sababbin masu HIV ta hanyar allura suka ragu ƙwarai. Ghana ta yi doka a 2020 da ta mayar da hukuncin mai abin shan kansa tara maimakon ɗauri. Jihar Oregon ta Amurka ta sassauta a 2021 ba tare da wuraren magani sun wadata ba, a daidai lokacin da fentanil ya iso, ta janye a 2024. Sassauci ba tare da asibiti ba bai isa ba. A Najeriya dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta buɗe ƙofar hukuncin da ba ɗauri ba, kamar aikin al'umma, kuma lauya yana iya roƙon kotu a kai.

Wanda ke tsare yana da haƙƙin magani? Ana iya tilasta masa gwaji?

Ƙa'idojin Nelson Mandela da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun ce a ƙa'ida ta 24: fursuna ya sami kulawar lafiya daidai da ta waje, kyauta, kuma kada a yanke masa maganin HIV, tarin fuka ko na kamun ƙwaya. Gwaji da yardarsa ake yi, sakamakon sirrinsa ne, ba a ware shi don yana da HIV. Haka shiga bincike: yana da ikon ya ƙi, kuma ba a haɗa shi da alkawarin sassauci. An kai ga wannan tsauri ne bayan abin da aka yi a wurare irin gidan yarin Holmesburg na Amurka, inda aka yi ta gwaje-gwaje a fatar fursunoni daga 1951 zuwa 1974.

Ɗana, ko mijina, zai fito. Me za mu shirya?

Ku fara tun yana ciki. A ziyara ta gaba, wanda ya fi jin maganarsa ya gaya masa a fili: jikinka ba irin na da ba ne, abin da ka saba sha yanzu yana iya kashe ka. A tambaye shi a keɓe ko yana shan wani magani kullum. Idan yana sha, a nemi ma'aikacin lafiyar gidan ya rubuta takardar mayar da shi asibitin da ya fi kusa da gida, da sunan maganin da lambar katinsa, da guzurin da zai kai shi. Idan jiran shari'a yake, a karɓi wannan takarda tun kafin ranar kotu. Maganin HIV kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma wanda ya yanke ana mayar da shi kai, ba a korarsa.

Ranar fita wani babba ya je ya taho da shi. Makonni biyu na farko kada ya kwana shi kaɗai a ɗakin zaure ko shago, wani ya kwana kusa, wanda ya karanta alamomin da ke tambayar barci da haɗari. A tambayi likita ko babban kemis maganar nalokson. A yi masa alƙawarin ganin likita a cikin makon farko, a asibitin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano ko na Maiduguri. Kuma a gaya masa maganar da ke da nauyi a bakin iyaye: ba mu yarda ka koma ba, amma idan ka zame, kada ka haɗa biyu, kada ka kulle ƙofa, kada ka karɓi allurar kowa, kuma ka zo ka faɗa mana.

Ke kuma uwargida, neman gwaji ba zargi ba ne. Ku je tare, a gwada ku duka biyu, HIV da ciwon hanta, shi a ƙara masa da tarin fuka idan yana tari. A sake gwajin HIV bayan wata uku, domin sabon kamu ba ya nunawa da wuri, kafin nan a yi amfani da kwaroron roba. Idan aka same shi da ita, akwai maganin kariya da za ki iya sha, kuma da zarar ya riƙe nasa har gwaji ya daina ganin ƙwayar cutar a jininsa, ba zai sa miki ta hanyar aure ba. Idan kina da ciki ko kina shayarwa, ki faɗa wa ma'aikaciyar tun a zaman farko.